Lamba Shida a Wayar Inna Rabi

Ku da kuke biye da ni, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Wayata ce ta faɗa rijiya. Kada wadda ta yi min dariya. Ina jan ruwa ne da ita a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ina yi wa wata ƙawata faɗa a kan sakaci, sai ji na yi cuɓul. Sai da na yi kwana goma sha biyu kafin na sayi wata, na kuma karɓo layina. Ku riƙe wannan kwana goma sha biyun a ranku, za mu dawo kansu.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: sunana Bahijja, shekarata ashirin da shida, a Tudun Wada nake, ina aiki a ɗakin kati na wani asibitin kuɗi. Wanda nake so sunansa Mujitaba, mutumin Ɗansoshiya ne ta ƙasar Kiru. Wata biyar ke nan rabona da jin muryarsa. Ya samu shiga horon masu gadin daji, irin wanda tun daga bakin ƙofa ake karɓe wa mutum waya. Da zai tafi ya ce min wata uku ne. Uku suka wuce, huɗu suka wuce, ga na biyar yana shirin bin su.

Ranar da ya zo sallama, a kan bencin zaurenmu ya zauna, ya ciro wani tsohon katin ɗaurin aure daga aljihu, ya juya bayansa ya rubuta abu biyu: sunan asusu da kalmar sirri. Asusun inshorar lafiyar mahaifiyarsa ne, Inna Rabi, mai fama da hawan jini da ciwon suga. Duk farkon wata ana shiga shafin kamfanin a biya, ita kuma ta je asibitin da ke kusa da su ta karɓi maganinta ba tare da ta kwance bakin zaninta ba. Ya bar min kuɗin wata uku. Ya ce ba shi da wanda zai iya bar wa wannan amanar sai ni.

Dama ni na sa shi ya yi mata. A nan ma muka haɗu, a wani taron manoma da aka gayyace ni in yi bayani. Na tsaya ina zuba kamar yadda na saba, ina cewa kullum a gaban tagata nake ganin abu ɗaya: a bar tsohuwa tana jiri wata shida ana cewa sanyi ne, sai ta yanke jiki ta faɗi, sannan a kama akuya a ruga kasuwa a sayar da ita rabin kuɗi, a kawo ta asibiti ana salati. In ka ce a riƙa ajiye abu kaɗan duk wata, sai a ce kana kiran ciwo. Ciwon da ya riga ya zauna a tsakar gida ya miƙe ƙafa, wai kai ne za ka kira shi. Shi kaɗai ya ɗaga hannu ya yi min gardama, ya yi ta jefo tambayoyi har na fusata. Bayan sati guda sai ga shi a tagar ɗakin kati da hoton mahaifiyarsa, yana murmushi, wai ya zo a ƙarasa masa faɗan.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ko Umma ba ta sani ba. Kuɗinsa sun ƙare tun wata na uku. Na huɗu daga albashina na biya, na biyar ma daga nan zai fito. Ba wannan ba ne ma abin kunyar. Abin kunyar shi ne, shafin da ake shiga sau ɗaya a wata, ni kullum sai na shiga. A saman shafin akwai ɗan hotonsa na fasfo, ya sa farar shadda, hula ta karkace, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya fitowa. Ba ni da wani hotonsa da ya kai wannan muni, kuma ba ni da wanda na fi kallo. In aiki ya yi sauƙi sai in jingina da durowar fayil in buɗe, in karanta sunansa, in karanta ranar haihuwarsa, in karanta adireshin gidansu, sannan in rufe kamar wadda ta kai ziyara aka ce maigidan ba ya nan.

To, da na haɗa sabuwar waya, abu na farko da na buɗe shi ne shafin. Na sa suna, na sa kalmar sirri. Sai ya ƙi. Ya rubuto da Turanci cewa bai san wannan wayar ba, ya aika lamba shida zuwa layin mai asusu, in shigar da su cikin minti biyar. Ya nuna min ƙarshen layin: huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai.

Na san layin. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi. Shi ne layin da Mujitaba ya fara kirana da shi. Da ya yi sabo, sai ya zura tsohon a ƙaramar wayar mahaifiyarsa, saboda duk dangi shi suka haddace. Haka muke yi a ƙasar nan kaf: a yi rajistar banki da inshora da jarrabawa da layi ɗaya, sannan a miƙa wa tsohuwar da ba ta karanta boko, ta ƙulle shi a lalita. Na yi ta masifa ni kaɗai a ɗaki, amma masifa ba ta buɗe shafi. Ga wata ya yi nisa. Bisa ƙa'idar kamfanin, saura kwana biyu su dakatar da ita, kuma in suka dakatar sai ta jira wata uku kafin a sake ba ta magani. Mai suga ba ta da wata uku.

Za ku ce in kira ta mana. Na kira. Ta ɗauka ta yi sallama, murya a sanyaye, na ji kaji suna kuka a bayanta. Na kashe. Me zan ce mata? Ba a kai gaisuwa gidanmu ba, ba a tambaya ba, ko goro ɗaya bai ratsa tsakanin gidajen biyu ba. Budurwa ta kira uwar saurayinta ta ce ita ce wance? Ko da ma na daure na yi magana, wa zai karanta mata lambar?

A daren wannan ranar ba abin da ya faru, sai da safe. Ina ɗaura mayafi zan fita aiki, Umma ta ce Baba yana kirana. Mahaifina, Malam Sale, tsohon hedimasta ne, ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa take da nauyi. Na same shi a kan buzunsa da kofin shayi. Ya ce iyayen Mu'azu sun sake zuwa. Mu'azu shi ne mai shagon taki da maganin feshi a bakin titi, mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa sai dai in yana zance ina jin kamar ana karanta min takardar bayanin magani.

"Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba," in ji Baba. "Amma mutane sun zauna a tabarmata sau biyu. Shi naki, ko ɗan aike ban taɓa gani ba. Juma'a zan ba su amsa. In akwai wani, in ga manyansa kafin nan. In babu, ki cire shi a ranki ki dubi wanda yake tsaye a ƙofa."

Na ce to. Ni da bakina ba ya mutuwa a taro, to kawai na iya cewa. Domin gaskiya ko ni ban san ko akwai wanin ba. Wata biyar ba ƙaramin abu ba ne. Mutum yana iya mantawa, yana iya sake shawara, yana iya ganin abin da ya fi.

Washegari ranar kasuwa ce. Na tuna Mujitaba ya taɓa ce min Inna tana shigowa kasuwar a motar safe da daddawa. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe min taga, na koma gida na canza kaya sau uku. A ƙarshe na sa atamfa mai ruwan ganye, ɗinkin riga da siket marar hayaniya, na goge jan bakin da na shafa, na yafa mayafi ruwan toka mai aikin zare a baki, wanda ya ba ni da ƙaramar salla. Ban yi tunanin komai ba da na ɗauke shi. Shi ne dai wanda hannuna yake zuwa kansa in raina ba daɗi.

A layin masu kayan miya na gan ta, ƙarƙashin wata lema da ta sha faci. Daga hoton da ke shafin na gane ta, sai dai ta fi hoton rama, kuma idanunta irin nasa ne sak. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi hanya, na tambayi jiki, na sake tambayar hanya. Na sayi daddawar da ba mu bukata, na ƙara da wata. Da na ga tiren zai ƙare ban faɗi abin da ya kawo ni ba, sai na ce ni ma'aikaciyar asibiti ce, maganar katin maganinta ce ta kawo ni, akwai saƙon da zai shigo wayarta.

Ta dube ni ta ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Wanda ya yi miki rajistar."

"Yaron nan?"

"E, shi."

Kun san dai ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ni kuma ko za a yanka ni ba zan furta shi a gabanta ba. Haka muka zauna mu biyu muna ta shi, shi, wancan, mai tafiyar. Maƙwabciyarta mai sayar da kuka, wata ƙatuwar mata mai haƙorin makka, ta gaji da mu.

"Wai Mujitaba kuke nufi? Ku faɗa mana, sunan ba ya cizo."

Inna ta kau da kai tana gyara daddawar da ba ta karkace ba. Ni kuma na sami wani abin kallo a ƙasa. Mai kuka ta yi ta dariya har tana tari.

Inna ta zaro lalita daga wuyanta ta ciro wayar, an ɗaure bayanta da kyauro. Na shiga shafin a tawa na danna a aiko lamba. Muka jira. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Sai na lura da ɗan hoton ambulan yana ƙiftawa a saman wayarta: akwatin saƙo ya cika, ba inda sabo zai shiga. Na ce mata sai na goge wasu. Na fara da tallan kamfanin waya, na goge, na goge, ina gangarawa ƙasa.

"Kada ki taɓa na can ƙarshe," in ji ta. "Ya ce a bar su."

Na riga na isa wurin. Saƙonni ne guda tara da aka ajiye a kan layin kansa, duk daga lamba ɗaya. Lambata. Na buɗe na farko: *Malam mai gardama, in ka gama musun ka kawo hoton Inna gobe kafin azahar.* Na biyu: *Ba fushi nake ba, aiki ne.* Akwai wanda ba komai a cikinsa sai *To.* Har shi ya ajiye. Jama'a, a tsakiyar kasuwa, tsakanin warin daddawa da ihun masu baro, na tsaya ina goge ido da bakin mayafi. Na yi kamar rana ce ta shiga idona.

Wayar ta yi ƙara. Lamba shida. Na kwafa, na danna, sai sabis ya ɗauke, ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa har minti biyar suka cika. Na sake nema. Wannan karon na miƙe tsaye na ɗaga wayar sama kamar mai kiran ɗan acaɓa, mai kuka tana ba ni shawarar in hau kan buhunta. Ya buɗe. Na sa katina na biya kafin ya sake shawara. Koren rubutu ya fito, wayar Inna ta sake ƙara, na ce mata shi ke nan, maganinta yana nan.

Da na bi son raina da na rufe a nan. Amma na saba, in na shiga sai na leƙa hoton. Sai na ga a ƙasansa, inda ake rubuta shiga ta ƙarshe, wata rana ce da ba ni na shiga ba. Na ƙirga da yatsu. Ta faɗa tsakiyar kwanakin nan goma sha biyu da wayata take ƙasan rijiya. Na buɗe shafin waɗanda ke ƙarƙashin asusun. Tun da na san shi suna ɗaya ne a ciki. Yanzu biyu ne.

*Bahijja Sale. Dangantaka: mata. Ana jiran takardar shaidar aure.*

Ranar haihuwata daidai, har wata. Hoton da ya sa kuwa wanda na hana shi ɗauka ne a wurin taron manoma, bakina a buɗe ina faɗa.

Na koma na durƙusa kusa da ita. Ya shiga ke nan. Ya ga jerin biya, ya ga wata na huɗu da sunan katin da aka biya da shi. Bai da inda zai rubuta min wasiƙa a shafin inshora, sai ya cike fom.

Ban san Inna tana kallona ba sai da na ji yatsunta a bakin mayafina. Ta murza aikin zaren tsakanin babban yatsa da manuni, a hankali, kamar mai duba ƙwayar hatsi.

"Wannan allurata ce," ta ce. "Sati biyu na yi a kansa. Ƙanwarsa ya turo ta ce min wai na malamarsu ne."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ita ma ba ta dube ni ba. Tana kallon titi ta ce, kwanaki a wurin horon an ba su wayoyinsu na yini ɗaya, ya kira ta. Ya gaishe ta a gurguje, ya ce akwai wata lamba da yake ta nema ba ta shiga. Da yamma ya sake kira, ya ce har yanzu ba ta shiga ba, ga shi za a karɓe wayoyin. Ta ce muryarsa ba ta yi mata daɗi ba ranar.

Ta ƙulle daddawar a leda, ta ɗora min kuɗina a kai, ta tura min. Na ce a'a, ta ce kada in yi mata musu a gaban mutane. Ta sa min albarka doguwa, har da iyayena. A nan ne ya kamata in ce, Inna, Juma'a. Kalma biyu. Na buɗe baki, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ni Bahijja, mai yi wa gari faɗa a kan yin shiru har lokaci ya ƙure, na tashi na kakkaɓe siket na tafi da maganata a ciki.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure. Na yi shawara da zuciyata tun daga kasuwa har gida: ba ni da manya da zan nuna masa, amma ina da shaida. Na durƙusa na miƙa masa wayar. Ya ɗauko tabarau ya sa, ya karanta a hankali kamar yana duba jarrabawar ɗan aji shida. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Mata," ya ce. "Wa ya ba shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki. Ni dai ban ba shi ba. Kawunnanki ba su ba shi ba. Kamfani ne waliyyinki yanzu?"

Na fara bayani, cewa fom ne kawai, cewa ba ya da hanyar da zai same ni, cewa niyyarsa ce yake nunawa. Baba ya ɗaga hannu. Ba fushi a fuskarsa, abin da na gani ya fi fushi ciwo. Ya ce shekara ashirin da shida yana riƙe da ni, bai taɓa zaton a waya zai fara ganin an kira ni matar wani ba. Ya ninke tabarau, ya zura wayata a aljihun rigarsa.

"Wanda ya iya rubuta ki a na'ura ya iya turo mutum ƙofar gidana. Juma'a tana nan inda na ajiye ta."

Na shiga ciki. Umma tana tankaɗe a tsakar gida, ta ga ledar daddawa, ta ga idona. Na zauna a bakin gado da mayafin a cinyata ina bin zaren da yatsa. Shi yana can inda ba waya. Ni ina nan ba waya. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya tayar da manyansa kafin Juma'a, kuma ɗazu na durƙusa a gabanta na yi mata addu'ar hanya.

Na fito na ce, Umma, ara min wayarki. Ta nuna min kan taga da haɓa, ta ci gaba da tankaɗenta, sai dai na lura rariyar ta rage sauri.

Ban nemi takarda ba. Yatsuna sun san hanyar. Ta yi ƙara sau huɗu, sannan na ji sallamarta, ba ƙugin mota a bayanta, da alama ta isa gida.

"Wa ke magana?"

Na rufe ido. "Inna, Bahijja ce. Ta ɗazu." Na matse wayar a kunne. "Ta Mujitaba."

Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina a gaban wani babba. Rariyar Umma ta tsaya cak. Na ci gaba kafin ƙarfina ya ƙare, na faɗi Juma'a, na faɗi iyayen Mu'azu, na faɗi abin da Baba ya ce, ban rage komai ba. 

"Rage murya, 'yar nan," in ji Inna a hankali. "Kawunsa Abdullahi yana zaune kusa da ni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba ta haƙuri. Sai na ji motsin tabarma, na ji ta matsa, na ji ta danna wani abu, muryarta ta yi nisa kaɗan kamar an ajiye wayar a tsakiya.

"Ko da yake bari," ta ce. "Sake faɗa daga farko, da ƙarfi. Kunnensa ba ya ji sosai."